Kwalabe Huɗu da Katakon Yaya Sabo

Manya daga cikinku kun san akwai wasu shekaru da ba ma zuwa gidan Kawunku Sabo a Dakata, ko da salla, shi ma ba ya zuwa namu. Ba ku taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban taɓa faɗa muku ba. Amma na san kun ji a bakin dangi wai na kai ƙarar yayana wurin Manaja don a ƙara mini girma. Ba haka aka yi ba. Sai dai abin da aka yi ɗin ma bai wanke ni tas ba, shi ya sa nake so ku ji shi daga wurina tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami.

A lokacin ina aikin buga takardu a wani kamfanin kujeru da ke Sharaɗa. Kujeru ne a suna, amma har da tebura da ƙofofi da gadaje da durowar kaya muke yi. Yaya Sabo ne ya samo mini aikin. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makarantar koyon tafireta a lokacin da 'yan uwa ke cewa ɓata lokaci ne, kuma da ya zama ɗaya daga cikin dillalai huɗu da ke kawo wa kamfanin katako, shi ya shiga ofis da kansa ya ce yana da ƙanwa mai saurin hannu. Ku riƙe wannan a ranku, domin in ba da shi ba, ba za ku gane nauyin abin da ya biyo baya ba. Da aka ɗauke tafireta aka kawo kwamfuta, sai teburina ya yi mata ƙasa, wuyana ya dinga ciwo. Masinja ya buɗe wani tsohon kabad ya ɗauko wasu littattafai uku masu kauri ya ɗora ta a kai. An ce wani Bature da ya kafa injinan kamfanin ne ya tafi ya bar su. Shekara biyu ina kallon gefensu kullum, ban taɓa tambayar kaina me ke ciki ba.

Da damina ta kankama a wannan shekarar sai kaya suka fara dawowa. Na farko da na gani da idona teburin cin abinci ne, wata Hajiya daga Bompai ta sa aka loda shi a akori-kura ta biyo shi har bakin ofis tana faɗa. Ta ce kullum ta sa a share ƙarƙashinsa, kafin wani lokaci sai ta tarar da gari ya taru ƙananan tsibi-tsibi, kamar wani ya bi yana barbaɗawa. Ana can ana ba ta haƙuri, ni kuwa na durƙusa na leƙa ƙarƙashin teburin. Ramuka ne ƙanana birjik, kamar an bi da allura ana hudawa, bakinsu tsaf, ba datti ba laka. Na dangwali garin na murza a yatsa. Ya fi garin tuwo laushi, ya yi kama da hodar jarirai. Na tuna na daɗe a durƙushe, har Manaja ya ce ko na yar da wani abu ne. Abin da ke raina ɗaya ne: mai yin ramin nan, shiga yake yi ko fita? Kowa a wurin gara yake cewa. Mutum ɗaya ne ya ce ba gara ba ce, shi ne Baba Yohanna, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna, wanda aikinsa shi ne tsoma katako a magani da jera shi a sito ya bushe. Ya fi kowa daɗewa a kamfanin.

"Gara da laka take aiki," in ji shi. "Ku duba, ina lakar? Wannan ƙwaro ne, kuma da shi katakon ke zuwa."

"Da shi yake zuwa, to kai mene ne aikinka?" in ji Manaja. "Don me ake sayo magani?"

Kafin mako ya zagayo an mayar da ƙofofi goma sha wani abu da gadaje biyu, kuma magana ta bazu cewa Baba Yohanna yana tsinka maganin da ruwa yana sayar da saura. Ba wanda ya gan shi, amma kun san yadda zance yake a wurin aiki. Manaja ya kira ni ya faɗa ina bugawa, takardar tuhuma ce. Aka ɗauke shi daga sito aka ba shi tsintsiya, aka ce ya share harabar kamfani har mai kamfanin ya dawo daga tafiya bayan Babbar Salla, sannan a yanke hukunci. Ni na kai masa takardar. Ya karɓa da hannu biyu ya ce ya gode, ya linke ta ya sa a aljihu bai karanta ba.

Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta tun safe, janareto kuma aka ce na injina ne kawai ban da ofis. Ina zaune ba aikin yi, idona ya sauka a gefen littafin da ke tsakiya. Akwai ɗan zanen ƙwaro a jikinsa, mai dogayen ƙahonni, ya dushe saboda ƙura. Na sauke kwamfutar na zaro su. Ɗaya a kan cututtukan itatuwa ne, ɗaya a kan funfuna da laimar kwaɗi da ke ruɓar da katako, na ukun a kan ƙwarin daji. Turanci ne mai nauyi, da sunaye masu tsawo da ko harshena ba ya iya juya su, amma akwai hotuna, kuma hotunan ne suka kama ni. Ban taɓa sanin cewa wani zai zauna ya ƙare rayuwarsa yana zana ƙafar ƙwaro ba. Ban taɓa sanin itace yana ciwo iri-iri kamar mutum ba, wani daga saiwa, wani daga ɓawo, wani ya ruɓe ta ciki alhali ganyensa shar. Har aka dawo da wuta ban sani ba. Na nemi izini na tafi gida da na ƙwarin, na aro ƙamus wurin makwabciyarmu malamar makaranta, na dinga bi layi-layi, wani shafin ya ci mini kwana biyu.

A nan na tarar da ramukana. Littafin ya ce masu huda katako irin wannan kala biyu ne da ake yawan rikitawa. Akwai wanda ke shiga gungume tun yana ɗanye a daji, bakin raminsa baƙi ne, kuma da katako ya bushe shi ke nan ya mutu, sai dai tabo. Akwai kuma mai gari. Shi uwarsa ce ke saka ƙwai a cikin 'yan ƙofofin jikin katako da ido ba ya gani, kuma a farin gefen katakon mai laushi kawai, ba ta taɓa jan tsakiya. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, tsutsar ta yi ta ci a ciki wata da watanni ba wanda ya sani, sai ta zama ƙwaro sannan ta huda ta fito. Wato ramin da muke gani na fita ne. Na karanta wurin ya fi sau biyar. Sannan a ƙasa kaɗan ya ce maganin da ake shafawa ko tsomawa a waje yana hana sabuwar uwa saka ƙwai, amma ba ya kai wa ga tsutsar da ta riga ta yi nisa a ciki. Katako kuwa a sitonmu ba ya wuce 'yan makonni saboda yawan aiki. Ko ni da ban yi zurfi a boko ba na ga inda maganar ta dosa.

Washegari na sami Baba Yohanna yana shara a gindin darbejiyar bakin ƙofa. Na buɗe masa hoton. Ya jingine tsintsiya, ya goge hannunsa a wando kafin ya taɓa shafin.

"Shi ne," in ji shi. "Wallahi shi ne, ga ɗan jan bayan nan. Malama Rabi, me suka ce a kansa?"

Na faɗa masa abin da na fahimta. Ya gyaɗa kai.

"Tun kafin ki zo kamfanin nan nake faɗa musu daga waje yake zuwa. Amma ni ban da littafi."

"To daga wurin wa, Baba? Mutum huɗu ke kawo mana."

"Wannan kam ban sani ba. In an sauke an jera, duk ya zama ɗaya."

Dabarar kwalba a littafin na gan ta. An ce in kana so ka san ko katako yana da ƙwaro a ciki, ka yanki guntu ka rufe a abin da iska ke shiga amma ƙwaro ba ya shiga, ka jira. Muka shirya da Baba Yohanna, tunda yanzu a bakin ƙofa yake wuni, duk motar da ta zo zai yankar mini guntaye daga farin gefen tun kafin a sauke, kafin katakon ya taɓa sitonmu. Na wanke manyan kwalabe huɗu masu faɗin baki, na rufe kowace da ƙyallen tsohuwar atamfa na ɗaure da roba, na manna farar takarda na rubuta sunan mai katakon. Uku na rubuta Alhaji wane, Alhaji wane. Ta huɗun hannuna da kansa ya rubuta Yaya Sabo, don ban san shi da wani suna ba. Ina rantse muku ban kawo komai a raina ba. Ni dai so nake in ga abin da idona.

Kwalaben a kan kantar ɗakin girki na jera su, kusa da gishiri da daddawa, kuma sun zama abin zance a gidan. Inna, kakarku, a wurina take zaune a lokacin. Duk ta shigo sai ta tsaya ta ƙare musu kallo.

"Rabi, wannan kuma wane irin jiƙo ne ba ruwa?"

"Ba jiƙo ba ne, Inna, ƙwaro nake jira."

"Mutane na korar ƙwaro daga gidajensu, ke kina yi masa shimfiɗa. Allah ya kyauta."

Babanku kuwa dariya ya yi ta yi da farko. Yana aiki a kamfanin jima a Challawa, in ya dawo kafin ya cire takalmi sai ya leƙo ya ce yaya baƙinki, sun iso? Amma shi ne ya je wurin wani abokinsa mai gyaran agogo ya aro mini ɗan gilashin nan da suke maƙalawa a ido. Da gilashin nan na zama abin tsoro a unguwa. Na duba ƙofar banɗakinmu da ta fara laushi ta ƙasa, littafin funfuna, don daga baya na aro sauran biyun ma, ya gaya mini danshi ne ya jawo. Na duba mangwaron makwabta da ke zubar da ƙaro, na ɗauko ganyen da ya yi ɗigo-ɗigo na kwatanta da hotuna. Hatta muciya da turmi ba su tsira ba. Wani abin in gane, wani in yi ta juya shafi in rasa, don littattafan ba don itatuwan ƙasarmu kaɗai aka rubuta su ba. Ban taɓa jin daɗin wani abu kamar yadda na ji daɗin waɗannan makonnin ba. Ina da shekara arba'in da 'ya'ya biyar, amma ji nake kamar ranar aka buɗe mini ido.

A mako na uku, ina ɗauko gishiri da safe, na ga ɗan gari a gindin kwalba ɗaya, bai fi a ɗauka da kan tsinke ba. Bayan kwana kaɗan ya zama tsibi uku. Ranar wata Asabar da hantsi na ga shi kansa, yana tafiya a jikin gilashin, siriri, ja-ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na yi ihu har Inna ta fito da carbi a hannu. Na maƙala gilashin ina kallonsa, ga 'yan ƙahonninsa masu dunƙule a ƙarshe, daidai da zanen, kamar shi aka zaunar aka zana. Ina ta kiran babanku ya zo ya gani. Shi ne ya juya kwalbar ya karanta takardar, sannan ya dube ni. Na san kwalbar wa ce tun ranar da garin ya fara, amma sai a idonsa na ga abin da hakan ke nufi. Na ƙara mako biyu ina duba sauran ukun safe da yamma, ina fatan ko ɗaya ta yi gari, don a ce abin na kowa ne. Ba wadda ta yi.

Na hau mota na tafi Dakata. Filin katakon Yaya yana bayan wasu rumbunan ajiya, sai ka ratsa tsakanin tireloli kafin ka kai. Ya yi murna da ganina, ya sa aka sayo mini lemo. Na ce ina so in zaga. A can baya, jikin katanga, akwai wani tsohon tari na ɓawon gungume da guntayen da aka yanke aka zubar, shekara da shekaru ana ƙarawa, ya kusa tsayin mutum. Sabon katako kuma a jikinsa ake jingine shi, don nan ne inuwa. Na ɗaga guntu ɗaya, ya narke a hannuna, gari ya zubo mini har ƙafa. Nan ne gidansu. Daga nan iyayen ke tashi su sauka a kan kowane sabon kaya. Na dawo na zauna na fito da kwalbar daga jaka, na fara yi masa bayani. Bai bari na kai rabi ba.

"Ke Rabi, shekara talatin ina wannan sana'a. Yau kwalba ce za ta koya mini katako?"

"Yaya, ba laifinku ba ne, ba wanda ya sani. Tarin can ne. In aka ƙone shi, aka datse farin gefen…"

"Da wanda ke ƙasa yanzu fa? Kin ga kayan nan? Duk abin da na mallaka ne a jere. Ki bari in shigar da shi, in rani ya yi sai in ƙone tarin, in gyara wurin. Ba wanda zai ji."

"Bayan salla za a kori Baba Yohanna. Da sunan ɓarawo za a kore shi."

Ya dube ni.

"Shi Yohannan uwarku ɗaya?"

Na ce masa ya je da kansa ya gaya wa Manaja, zai fi mutunci, ni zan raka shi. Ya ce in gaida Inna. Ko rakiya bai yi mini ba.

Kafin in isa gida ya riga ya kira Inna a waya. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Ban ce ki yi ƙarya ba," in ji ta. "Cewa na yi ki yi shiru. Wa ya tambaye ki? Aikinki buga takarda."

"Inna, tsoho ne, kuma bai ci komai ba."

"Allah yana gani, zai saka masa. Shi kuma wancan da ya ɗauke ki a kafaɗa ya kai ki makaranta, wa zai saka masa in ba ke ba?"

Ba ƙarya ta faɗa ba. Babanku bai sa baki a gabanta ba. Sai da muka keɓe na ce ya gaya mini abin da zan yi. Ya ce ba zai gaya mini ba, ɗan uwana ne, aikina ne. Abu ɗaya kawai ya tambaye ni.

"Takardar farko ke kika buga. In suka ce ki buga ta sallama, hannunki zai iya?"

Na yi kwana goma ina jiran Yaya ya zo. Duk motar da ta tsaya a bakin ƙofa sai in leƙa. Motocinsa sun zo sau biyu, shi bai zo ba. Baba Yohanna kuma bai taɓa tambayata labarin kwalabe ba, ko sau ɗaya. Ina jin ya gane daga yadda na daina tsayawa a gindin darbejiyar.

Ranar da mai kamfani ya zauna, an kira ni ne don in rubuta abin da aka tattauna. Akwai Manaja, da shugaban kafintoci, da wakilin ma'aikata, da biyu daga cikin dillalan da suka zo gaisuwar dawowa aka ce su zauna. Baba Yohanna yana tsaye da hularsa a hannu. Aka yi ta magana, har mai kamfani ya ce to ba sai an ja ba, a sallame shi kawai ba tare da an kai shi gaba ba. Na ajiye biro na ce, ranka ya daɗe, ina da magana. Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, don nan ne laifina. Ina iya cewa a ba ni minti biyar da shi da Manaja su kaɗai. Ina iya ɓare takardar jikin kwalbar tun a gida. Ban yi ko ɗaya ba. Na fito da littafin da kwalbar na ɗora a tebur, na fara bayani, kuma da na ga manyan mutane sun yi tsit suna saurarona, sai daɗi ya kwashe ni. Na nuna hoto, na ba mai kamfani gilashin agogo ya maƙala, ya ga ƙwaron ya ce ikon Allah. Na yi bayanin uwa da ƙwai da tsutsa, na yi bayanin farin gefe da jan tsakiya, na manta da kowa. Ina cikin haka Manaja ya jawo kwalbar ya juya ta, ya karanta da ƙarfi.

"Yaya Sabo."

Ɗaya daga cikin dillalan ya yi 'yar dariya ya rufe baki da hannun riga. Kafin la'asar duk 'yan katako sun ji cewa ƙanwar Sabo ta sa katakonsa a kwalba ta kai wa masu kamfani.

An mayar da Baba Yohanna sito a ranar, mai kamfani ya ba shi haƙuri a gaban mutane. Aka dakatar da karɓar kayan Yaya. Na roƙa a ba shi lokaci ya gyara, aka ce za a duba, ba a duba ba. Sauran masu sayensa suka janye ɗaya bayan ɗaya, wasu don tsoron ƙwaro, wasu don sun sami abin faɗa. Ya ƙone tarin, amma ya makara. Kafin damina ta sake zagayowa ya saki filin, ya koma ɗan shago yana sayar da ƙusa da fenti. Girman da aka ce an ƙara mini kuwa, ga shi: an ce daga yau duk motar da ta zo in fita in duba ta kafin a sauke, a kan aikina na da, a kujerata ta da. Na yi shekara tara ina yi. Baba Yohanna bai yi mini doguwar godiya ba. Ranar da zai yi ritaya ya koma garinsu, ya kawo mini ɗan buhun citta ya ajiye a bakin ofis, ya ce, "Malama Rabi, na san abin da ya ci miki." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba, amma ta tattara kayanta ta koma Dakata, ta ce shi ya fi bukatarta. A can ta rasu. Ni da Yaya mun zauna karɓar gaisuwa a gida ɗaya kwana uku, in mun haɗu a soro sai ya ce ya haƙuri, in ce da godiya, kamar baƙi. Na aika masa mutane, na je da kaina sau uku, ana ce mini ya fita alhali ga takalminsa. Daga baya ni ma na yi zuciya na daina, kuma wannan ma kuskure ne, don ni ce ƙarama.

Shekara shida aka yi a haka. Sai wata ranar Talata matarsa ta aiko cewa jikinsa ya matsa, kuma ya ambaci sunana. Na tarar da shi da rana a kwance a kan tabarma a inuwar ɗaki, ya rame har na kusa ban gane shi ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni yana kallon rufi.

"Wannan Yohanna, yana nan da rai?"

"Yana nan, Yaya. Ya koma gida yana noma."

"In kin sami mai zuwa, a gaishe shi. A ce Sabo mai katako."

Na ce to. Ya juyo da kansa a hankali ya dube ni.

"Abin da kika faɗa musu gaskiya ne. Na sani tun ranar da kika zo. Da na ƙona tarin nan na ga abin da ya fito daga ciki." Ya tsaya ya huta. "Amma sunana, Rabi. A jikin kwalba. A gaban su Alhaji."

"Na yi kuskure, Yaya. Daɗin abin ne ya ɗauke mini hankali. Ku yafe mini."

Ina jin matarsa tana daka a tsakar gida, ta tsaya, ta ci gaba.

"Na yafe," in ji shi. "Miƙo mini ruwan nan."

Na tallafo kansa na ba shi, ya sha.